Motar rabon kaya ta hannu: Hayis, J5, Sharon ko kurkura?

Tambaya: Ina sarin kayan masarufi a kasuwar Singa, ina kai wa masu shaguna a Dambatta da Kazaure da ƙauyukan da ke gefensu. Kuɗin shata ya ishe ni, na tara abin da zan sayi mota tawa, amma ba sabuwa ba. Wasu sun ce Hayis, wasu J5, wani abokina kuma ya ce Sharon ta fi sauƙin kuɗi, in cire kujerun baya in riƙa lodi. Sannan tsakanin 'yar Beljiyam da wadda aka yi aiki da ita a gida, wacce ta fi? Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a nema. Ni bakanike ne, kuma yawancin aikina a kan bas-bas ne da motocin ɗaukar kaya, don haka amsar da za ka ji ta mutumin da ake kawo wa mota ce bayan an gama murnar saye.

Babu motar da ba ta lalacewa. Abin da ya raba motar aiki ta kirki da ta wahala shi ne, idan ta tsaya ranar Talata da safe, za ta fita lodi ranar Laraba, ko kuwa sai ta yi mako biyu a gareji ana jiran kaya daga Legas? A waɗannan makonni biyun kana biyan shata, kana ciyar da direba, masu shagunan da ka saba kai wa kuma sun fara kiran wani. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ma'aunin na ɗora shi.

Kafin mu kira sunan kowace mota, ɗauki biro ka lissafa nauyin lodinka na ranar da ta fi cika. Buhun sukari kilo 50 ne, haka fulawa, haka shinkafa. Jarkar mai ta lita 25 ta haura kilo 20. Buhu 20 kacal sun cika tan ɗaya, kuma tan ɗayan nan shi ne kusan iyakar abin da aka ƙera Hayis ta ɗauka. Na san a tasha dariya za a yi maka in ka faɗi haka, za a nuna maka wadda ake ɗora wa ninki biyu tana tafiya. Tana tafiya kam, amma sifirin da aksul da birki da taya su ke biyan bashin, kuma daga aljihun mai mota. Kayanka kuma gauraye ne: buhuna masu nauyi da katan-katan na taliya da biskit da omo masu cin wuri ba nauyi. Saboda haka kana buƙatar mota mai ƙarfin baya, mai fili, kuma rufaffiya saboda damina.

Wannan lissafin kaɗai ya fitar da Sharon. Abokinka ya yi gaskiya a kan farashi, amma Volkswagen ba ta ƙera ta don kaya ba. Motar iyali ce ta mutum bakwai da jakunkunansu, ta fito a 1995, kuma ita da Ford Galaxy da Seat Alhambra na farko duk a masana'anta ɗaya aka haɗa su a Fotugal. Direbobin haya suna son ta don gudu da sauƙin kuɗi. Ƙafafunta na baya sifirin mai murɗe ne irin na ƙaramar mota, kuma tayoyin gaba ke ja. In ka jibga mata buhuna, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, tayoyin da ke ja su rasa riƙo, cikinta kuma ya riƙa dukan ƙasa a hanyar ƙauye. Kurkura ma, wato irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, ba taka ba ce. Injinta cc 660 ne, kuma a Japan inda aka yi ta kilo 350 aka yarje mata ta ɗauka. Ga mai kai kaya lungu-lungu a cikin birni babu kamarta, amma ba ta dace da tan ɗaya zuwa Kazaure kullum ba.

J5 kuwa ina ganin girmanta. Ƙasanta gajere ne, lodi ba wahala, cikinta kamar ɗaki, kuma ta yi wa Arewa hidima wajen jigilar tumatir da albasa da hatsi fiye da yadda za a iya lissafawa. Tun da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975 kanikawanmu suka saba da kayan Peugeot, don haka da wuya ka shiga garin da babu mai taɓa ta. Matsalar shekaru ce. Boxer ta maye gurbinta a 1994, ke nan ƙaramar cikin J5 ta haura shekara 30. Wadda za ka samu yau ta sha walda, wataƙila injin da ke ciki ba nata ba ne, giyabos ma haka. Ta dace da mutumin da zai tuƙa da kansa, ya san sifana, yana jin ƙarar da ta canja tun kafin ta zama ɓarna. Kai kuma da za ka zauna a shago ka miƙa wa direba mukulli, ba zan ba ka shawararta ba.

Saura Hayis, kuma ita zan zaɓa maka, amma da sharaɗi. Iri biyu ne suka fi yawa a hanya: tsohuwar ƙira da aka yi daga 1989 zuwa 2004, da wadda ake kira Homa da ta fito daga 2004. Tayoyin baya ke ja, sifirin baya mai falle-falle ne, don haka lodi ƙara mata riƙon ƙasa yake yi. Mai fetur ɗin da ke ɗauke da injin 2TR, mai lita 2.7, sarƙa ke juya taimin ɗinsa ba bel ba, kuma irin injin ne da ke cikin Hilux da wasu Prado, shi ya sa kayansa suke ko'ina: Ƙofar Ruwa a nan Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas. Aibinta ba ɓoyayye ba ne. Tana da tsada, tana shan mai, ɓarayi na son ta, kuma direba a kan tayar gaba yake zaune babu hanci a gabansa, in aka yi karo ƙafafunsa ne a gaba. Amma tsadar nan ita ce kuma ke dawo maka da kuɗinka ranar da za ka sayar. Sharaɗin shi ne, in kuɗinka bai kai Homa mai lafiya ba, kada ka sayi Homa marar lafiya don suna. Gara tsohuwar ƙira mai lafiya, ko Nissan Urvan, wadda ta fi sauƙin kuɗi kuma tana da ƙarfi, sai dai kayanta ba su kai na Toyota yawa ba. Ka kuma buɗe ido, akwai bas-bas na China irin su Jinbei da King Long da Foton masu siffar Hayis sak. Ba laifi ba ne sayensu in an faɗa maka gaskiya kuma an yi maka farashinsu, laifin shi ne wanda zai liƙa tambarin Toyota ya karɓi kuɗin Toyota.

Manyan na Turai, Sprinter da Transit da Boxer da Ducato, sun fi Hayis fili nesa ba kusa ba, kuma masu man gas ɗinsu ba su da shan mai. Ban hana ka su ba. Amma ga gwajin da nake ba kowa: kafin ka biya kuɗin kowace mota, ka sha hantsi guda a Ƙofar Ruwa. Tambayi kuɗin kuloci cikakke, famfon ruwa, famfon mai, nozul, gilashin gaba, fitila, sifirin baya, da inji sukutum na Beljiyam. Ka lura da abin da ake ɗauko maka daga kan shelf da abin da ake cewa sai an aiko. In “sai an aiko” ya yi yawa, motar nan za ta riƙa kwana a gareji. Sannan ka tambayi kanka, in ta mutu a Kazaure da la'asar, akwai wanda zai buɗe ta a can?

Batun fetur ko man gas ya canja tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Da can fetur ya fi araha ƙwarai, hukuncin mai sauƙi ne. Yanzu sai an yi lissafi. Injin man gas ya fi tafiya mai nisa a kan kowace lita, ya fi ƙarfin ja da lodi. Amma ba duk injin man gas ne ɗaya ba. Tsohon 5L na Toyota ba shi da tobo, ba shi da gudu, yana da haƙuri, kuma kanikawa sun san shi ciki da waje. Na zamani irin 1KD da 2KD nozul ɗinsu kwamfuta ke sarrafawa da matsi mai tsanani, ba sa yafe gurɓataccen mai. Man da ya haɗu da ruwa ko kananzir sau ɗaya zai iya cinye maka nozul huɗu, kuma kuɗinsu ya isa ya sa ka zauna. Su ukun nan kuma bel ke juya taimin ɗinsu, in ya tsinke ana tafiya inji ya tafi. Na Turai da aka ƙera daga wajen 2011 zuwa sama akwai matatar hayaƙi a salansarsu wadda sai an yi doguwar tafiya take ƙone dattinta, na baya-bayan nan kuma har da wani ruwa na daban da ake kira AdBlue. Aikin rabon kaya tsaye-tsaye ne, shago zuwa shago, irin aikin da ke toshe matatar. Da ta toshe, kwamfuta ta rage wa mota ƙarfi, sai ka gan ta tana rarrafe da lodi. Ga wanda wannan ce motarsa ta farko, ni fetur nake zaɓa masa, giya ta hannu.

Mai fetur tana da wata fa'ida, ita ce ta fi sauƙin mayarwa ta yi aiki da iskar gas ta CNG. Sai dai ka sani tukunyar tana da nauyi kuma tana cin wurin kaya, kuma ka fara tabbatar da akwai gidan sayar da gas ɗin a hanyarka. In ka samu motar da aka riga aka sa wa tukunya, nemi takardar wurin da aka yi aikin. Matsin iskar da ke cikinta ya kai 200 a ma'aunin matsi na “bar”, ba aikin mai walda ba ne. A 2024 wata mota ta fashe a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo saboda tukunyar da aka haɗa a bakin titi.

Yanzu 'yar Beljiyam ko 'yar gida. Mutane sun ɗauka duk abin da ya sauko daga jirgi lafiyayye ne. Ga ƙaramar mota wataƙila, amma motar kaya a Turai ma aiki take yi. Kamfanin rabon saƙo ba ya sayar da motarsa sai ya gama more ta. Abin da 'yar Beljiyam ta fi da shi shi ne an yi mata sabis a kan lokaci, ta taka hanya mai kyau, ba a yi mata obalodi ba. Abin da take zuwa da shi kuma tsatsa ce, domin a can gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, ya riƙa cin ƙarfe daga ƙasa. 'Yar gida kuwa ta danganta da gidan da ta fito. Wadda ta fito daga banki ko makaranta ko wata ƙungiya, direba ɗaya, littafin sabis a hannu, ta fi 'yar Beljiyam da yawa, in ka same ta ka riƙe. Wadda ta yi shekaru tana haya tsakanin Kano da Legas kuwa, ko an yi mata sabon fenti da sabbin kujeru, ranta ya riga ya ƙare.

Akwai kashi na uku da ya kamata ka sani, wato mai juyayyen sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Hayis da yawa daga Japan suke zuwa da sitiyarin dama, sai a juya shi. Wani aikin an yi shi da kayan asali tsaf, wani kuma yanka da walda ne a sandar sitiyari da bututun birki. Gane ta ba wuya. A bas mai ƙofar gefe ɗaya, in ƙofar tana hagu, wato ɓangaren titi, an juya ta. Dubi waifa, in ba ta share gaban direba sosai, an juya. Dubi dashbod ko akwai alamar yanka da liƙi, leƙa ƙarƙashinsa ka ga ramukan da aka toshe. In ka ga walda a jikin sandar sitiyari, bar wurin ko nawa aka rage maka.

Ranar dubawa, kada ka yi cinikin biri a sama, kada ka biya a kan hoto ko bidiyon WhatsApp. Ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ku yi magana tun a gida cewa za ka biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba. Dalili kuwa, bakaniken da ya san sai an yi ciniki zai samu wani abu, idonsa yakan rufe. Wani ma a bayan idonka dillali zai ja shi gefe. Ina faɗar wannan a kan 'yan sana'ata, kuma duk wanda ya daɗe a harkar ya san haka ne.

Ku je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ku iso. In Hayis ce, inji a ƙarƙashin kujerar gaba yake, ɗaga ta ka taɓa injin. In da ɗumi, an riga an ɗumama shi don ya ɓoye wani abu, ku dawo gobe. Injin da ya kwana ne yake faɗin gaskiya. Tun yana sanyi buɗe murfin lagireto, domin da zafi ba a buɗe shi. Ruwa mai launi mai tsabta alama ce ta kulawa, jan ruwa mai tsatsa na nufin ruwan rijiya ake zuba masa, mai yana yawo a sama kuma gasket ne. Juya murfin baƙin mai ka duba cikinsa, in ka ga farin kumfa mai kauri, ruwa na shiga mai. Zaro geji ka murza man a yatsa. In ya yi kauri fiye da kima, an zuba masa maganin kauri don ya rufe ƙara da hayaƙi.

Murɗa mukulli ba tare da ka tayar ba. Dole duk fitilun dashbod su kama, ta cek, ta mai, ta batir, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an rufe ta da baƙin salatif. Sai a tayar, kai kuma ka tsaya a baya wajen salansa. Shuɗin hayaƙi inji na ƙona baƙin mai, ringi ke nan. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke ƙonewa. Baƙi a mai man gas yawanci nozul ne ko famfo. Yana aiki, kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana rawa yana tsalle, hayaƙi na busowa, injin ya gaji. Leƙa lagireto kuma, in kumfa na tasowa ba tsayawa, gasket ya ƙone ko kan inji ya tsage.

Ka tambaya musamman ko tamostat na ciki. Al'ada ce a nan a cire shi a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Sau da yawa ana yin haka ne don motar ta taɓa yin zafi, aka rufe alamar aka bar cutar. A Hayis wannan ya fi muhimmanci, domin inji a ƙarƙashin kujera yake, direba ba ya ganin tururi sai abu ya ɓaci. In Homa ce ko wata mai kwamfuta, a sa mata na'ura a karanta. Kuɗin karantawar bai taka kara ya karya ba.

Lambar kilomita da ke kan mita kada ka ba ta muhimmanci, mayar da ita baya aikin mintuna ne. Dubi abin da ba a iya mayarwa: robar da ke kan abin taka birki da kuloci, santsin sitiyari, ramin kujerar direba, da yadda ƙofar gefe ke gudu a kan layinta. Motar da mita ta ce ba ta yi nisa ba amma ƙarfen abin taka kuloci ya fito fili, mitar ce ke ƙarya.

Daga nan a hau rami. Wanda ya hana ka kai motarsa kan rami ya riga ya ba ka amsa. Riƙe sukundireba ka riƙa dannan ƙarfe a ƙarƙashin matakala, bakin tayoyin baya, da inda sifiri ke riƙe da jiki. In an shafe ƙasan da sabon baƙin fenti mai kauri, ka ƙara zargi. Ƙirga fallayen sifirin baya. In an ƙara falle, mai ita obalodi yake yi, kuma aksul da biyarin sun riga sun sha. Nemi walda a jikin shasi, nemi lanƙwasa, nemi ɗigar mai a giyabos da aksul. A waje kuma bi jikinta da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika bayan haɗari. Tsaya daga nesa ka ga ko ta karkata gefe ɗaya. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, warin laka da tsatsa a ƙusoshin kujera alamar ambaliya ce, kuma motar da ruwa ya ci wayarinta ba ta daina ba da mamaki.

Taya ma tana da labari. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa a zafin Afrilu ko da zanenta bai cinye ba. Kuma motar kaya taya mai harafin C take so, kamar 195R15C a Hayis. Masu sayarwa sukan sa mata tayar ƙaramar mota don araha. In gefe ɗaya na tayar gaba ya fi cinyewa, ƙafar gaba na da magana.

Gwajin tuƙi kuwa zagayen unguwa ba ya wadatarwa. In mai ita ya yarda, ɗora mata buhu goma, ku hau babban titi ku yi rabin awa. Sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka taka totur, in inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci na zamewa. Saurari baya, kukan da ke tashi in ka taka ya faɗi in ka saki, aksul ne. Lura ko giya na fita da kanta. Taka birki da ƙarfi a fili ka ga ko tana fizga gefe. In mai jan gaba ce, murɗe sitiyari gaba ɗaya ka zagaya, ƙas-ƙas-ƙas ɗin da za ka ji shaf ne. Da kun dawo kada a kashe, a bar ta tana aiki minti goma kana kallon allurar zafi, sannan ka leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga.

Takardu sun fi inji haɗari, domin inji ana gyarawa, motar da kwastan ko 'yan sanda suka ɗauke kuwa sai addu'a. Tun ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, don haka 'yar Kwatano mai arahar da ta wuce hankali ka tambayi ta inda ta shigo. Kada ka tsaya a kan ganin takardar diyuti, a kai ta ofishin kwastan a tantance, domin na bogi sun yi yawa, akwai kuma na gaske da aka biya a kan wata mota daban. Lambar shasi, wadda a yawancin motoci haruffa da lambobi 17 ce, ka karanta ta da idonka a jikin ƙarfe, ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. In wurin ya yi alamar goga ko walda, ka tafi. In 'yar gida ce, sunan da ke takardar mallaka ya zama na wanda ke sayarwa, ko ya nuna maka takardun da suka biyo daga wancan zuwa shi. A bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa ba da rahoton satarta. Ka kuma tambaya ko ta haya fachas ce, wato sayen biya kaɗan-kaɗan, da ba a gama biya ba, ko an ba da ita jingina. Ku rubuta takardar ciniki da shaidu, ka biya ta banki zuwa asusun mai sunan, la'adar dillali kuma a yanke ta tun kafin a fara. Sannan ka yi canjin suna nan da nan. Motar kasuwanci lamba mai jan rubutu take ɗauka, ga inshora, ga takardar lafiyar mota daga VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, kuma tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ke neman na'urar ƙayyade gudu a motocin kasuwanci. In bas ce ta fasinja za ka cire wa kujeru, ka gyara takardunta su dace da aikin da za ta yi, kada kullum ka riƙa bayani ga 'yan KAROTA da lodi a baya.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan saye. A ganina ka ware kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye, kuma kada ka taɓa jarin shago. A makon farko, kafin ta ɗauki buhu ɗaya, a juye baƙin mai da man giya da na aksul, a canja matatun mai da na iska, a wanke lagireto a zuba ruwan da aka yi don shi, a mayar da tamostat, a duba birki ƙafa huɗu. In injin mai bel ne a canja bel ɗin ko mai sayarwa ya rantse jiya aka sa. A sa mata taraka, wato na'urar bin sawun mota in an sace, a ɓoye.

Direba kuma, ka sa shi a albashi, kada ka ce ya riƙa ɗaukar lodin wasu a dawowa yana kawo maka balas. Direban da ke neman cika balas shi ne mai ƙara buhu biyar a kan ƙa'ida, mai gudu a kan rami, mai ganin allurar zafi ta hau ya ce bari in ƙarasa. Ka saya masa ƙaramin littafi ya riƙa rubuta kilomita da litar da aka sha kullum. Ranar da ka ga shan mai ya tashi alhali hanya da lodi ba su canja ba, ko dai inji ya fara ciwo ko kuma ana zuƙe tanki, kuma a mako guda littafin zai nuna maka wanne ne.